Saitin haske wajen ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa a lokacin hazo

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar hoto. A Gashuwa nake aiki, kuma tun da hunturu ya shigo nake zuwa wajen Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa, a ranakun hutu domin ɗaukar hoton tsuntsayen ruwa, kasancewar yanzu ne baƙin tsuntsaye daga Turai suke cika dausayin Haɗeja da Nguru. Kyamarata irin ta matsakaicin farashi ce mai ƙaramar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta), gilashin zuƙowata kuwa daga milimita 70 zuwa 300 ne, kuma idan na zuƙo shi har ƙarshe ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/6.3 (ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa). Bisa al'ada ina barin kyamarar a kan harafin A na maɓallin saiti, in buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, in ajiye ISO, wato lambar ƙarfin karɓar haske, a 400, in bar ta ta zaɓi saurin ƙiftawa da kanta.

Abin da ke damuna shi ne, idan na ɗauki balbela tana tsaye a gaban kacala mai duhu, sai jikinta ya fito fari fat babu alamar gashi ko ɗaya, amma idan na juya ga dinya ko kirinjijiya suna ninƙaya a kan ruwa mai ƙyalli, ko sun tashi sama cikin hazo, sai su fito baƙi ƙirin, ko ido ba a gani. Ga kuma na sassafe, lokacin da tsuntsayen suka fi kusantowa, waɗanda yawancinsu suke fitowa dishi-dishi. Shin kyamarar ce ta gaza, ko akwai saitin da ya kamata in riƙa amfani da shi? Na gode.

Tsohon Mai Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kyamararka ba ta gaza ba, abin da aka ƙera ta ta yi shi take yi. Ma'aunin hasken da ke cikinta ba ya sanin cewa wannan balbela ce, wancan kuma ruwa ne. Yana tattara duk hasken da ya dawo masa daga abin da ka nuna masa, sannan ya yi ƙoƙarin mayar da jimillarsa zuwa toka-toka matsakaiciya, wadda masu hoto suke ƙiyasta ta da abin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Saboda haka idan kacala mai duhu ta cika mafi yawan hoton, ma'aunin zai ɗauka duhu ya yi yawa, ya ƙara haske, ita kuma balbelar da take ƙarama a tsakiya ta ƙone. Idan kuwa ruwa mai ƙyalli ko sararin hazo ne ya cika hoton, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, dinyar da dama baƙa ce ta nutse cikin duhu. Matsalolinka biyu na farko asalinsu ɗaya ne, wato abin da ke bayan tsuntsun ne yake yanke wa kyamarar shawara, alhali hasken da ke sauka a jikin tsuntsun bai canza ba.

Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce ka ci gaba da A ɗinka, wanda a kyamarorin Canon ake rubuta shi Av, amma ka riƙa amfani da maɓallin ƙari da ragi, wanda ke da alamar + da – a jikinsa. Farin tsuntsu a gaban duhu yana son ragi, daga kashi biyu bisa uku na mataki zuwa mataki ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu idan tsuntsun ƙarami ne a cikin hoton kuma rana tana dukansa. Baƙin tsuntsu a kan ruwa mai haske ko a sararin sama yana son ƙari, daga mataki ɗaya zuwa biyu. Mataki ɗaya kuwa yana nufin ninka hasken ko raba shi biyu: a saurin ƙiftawa daga 1/500 zuwa 1/1000 na daƙiƙa mataki ɗaya ne, daga ISO 400 zuwa 800 mataki ɗaya ne, daga f/5.6 zuwa f/8 ma haka. Wannan hanya tana aiki idan tsuntsun yana tsaye wuri ɗaya, amma tana da aibi babba, domin da zarar zalɓe ya tashi daga gindin kacala ya bi ta saman ruwa ya hau sararin sama, abin da ke bayansa ya canza sau uku cikin daƙiƙu kaɗan, babu kuma yatsan da zai iya bin wannan sauyi da maɓalli.

Shi ya sa ni na fi son hanya ta biyu, wato ka koma harafin M ka kafa komai da hannunka, har da ISO, bisa hasken da ke sauka a kan tsuntsu. Ka sami farin tsuntsu mafi haske a wurin, ka ɗauke shi, ka duba hoton. A cikin kyamararka akwai wani nuni da ke sa wuraren da suka ƙone su riƙa ƙyaftawa da baƙi a jikin allo, ka kunna shi ka bar shi a kunne. Idan jikin balbelar yana ƙyaftawa, ka ƙara sauri da kashi ɗaya bisa uku na mataki, ka sake ɗauka, har ƙyaftawar ta kusa ɓacewa. Ka kuma duba jadawalin haske, wanda ake kira histogiram: ana so tudun da ke cikinsa ya matsa dama sosai, wato ɓangaren fari, amma kada ya haye bangon dama. Da ka samu wannan saiti, ka riƙe shi, domin muddin rana tana inda take kuma kana fuskantar ɓangare ɗaya, balbelar nan za ta fito daidai ko a gaban kacala take, ko a kan ruwa, ko a sama. Idan dinya ce ta zo, sai ka buɗe da kusan mataki ɗaya domin gashinta mai sheƙi ya bayyana, amma ka lura da farin da ke ƙirjinta da cikinta, kada ka wuce gona da iri.

Domin ka sami mafari ba tare da lalube ba, akwai tsohuwar ƙa'ida da muke aiki da ita tun zamanin fim, lokacin da ba a ganin hoto sai an wanke shi. A rana tsantsa, tana bayanka, idan ƙofar haske tana f/16, saurin ƙiftawa daidai yake da lambar ISO, wato ISO 200 yana tafiya da 1/200. Idan ka buɗe zuwa f/8 ka ƙara haske mataki biyu, don haka saurin zai koma 1/800, kuma domin farin tsuntsu sai ka rage kusan mataki ɗaya, ya zama 1/1600. Idan tashi yake yi ka ɗaga ISO zuwa 400, saurin ya zama 1/3200. Hazo yana cinye wani abu daga wannan lissafi, gwargwadon kaurinsa, amma ko ba komai za ka san daga inda za ka fara.

Kada ka amince da hasken allon bayan kyamara wajen yanke hukunci, domin a tsakiyar fadama ido yakan ga hoto mai kyau kamar ya yi duhu, mutum ya yi ta ƙara haske yana ɓata aikinsa. Kuma ka riƙa ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. Jadawalin da kyamara ke nuna maka an gina shi ne a kan ƙaramin hoton JPEG da take haɗawa, don haka a RAW akwai ɗan saura a ɓangaren fari wanda za ka iya dawowa da shi a kwamfuta. Saura ne kaɗan, ba lasisin sakaci ba, domin farin da ya ƙone gaba ɗaya babu manhajar da za ta dawo da gashinsa.

Malamar Kimiyya ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa a kan ma'aunin haske, kuma da rana ta ɗaga ni ma haka nake yi. Sai dai, tare da girmamawa, ina ganin kafa komai da hannu bai dace da sa'ar farko ta safiya ba, wadda ita ce tambaya ta uku ta ɗan'uwanmu. A yankinmu, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana hawa kusan a tsaye, tana cin wajen digiri 14 a cikin sa'a ɗaya, saboda haka daga fitowarta, wanda a watan Janairu yake kusan ƙarfe 7 saura kwata a wajen Nguru, hasken yana ninkuwa da sauri ƙwarai. Saitin da mutum ya kafa yanzu, bayan mintuna kaɗan ya tsufa, kuma wanda bai saba ba zai shagala da bin tsuntsu ya manta da gyara, ya dawo gida da hotuna ƙonannu. A wannan lokaci ni ina sa kyamara a M, in zaɓi sauri da ƙofar haske da kaina, amma in bar ISO ya riƙa sarrafa kansa, in sa masa iyaka a 6400, sannan in yi ƙari ko ragi gwargwadon launin tsuntsu da abin da ke bayansa. Na san wannan ya mayar da mu hannun ma'aunin haske, amma da sassafe bambancin haske da duhu bai yi tsanani ba, don haka kuskurensa ba ya yin yawa kamar na hantsi.

Game da dishi-dishin kuwa, Malam Ɗan Fadama, ISO 400 ɗin da ka kafe a kai shi ne sanadi. A f/6.3 da ISO 400 lokacin fitowar rana, kyamarar ba ta da zaɓi sai ta sauko da sauri zuwa wajen 1/125 ko ƙasa da haka, alhali gilashin milimita 300 a kan ƙaramar sensa yana ganin abin da na milimita 450 zuwa 480 yake gani a babbar sensa, wanda ke nufin ko rawar hannunka kaɗai tana buƙatar wajen 1/500. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi, wadda Nikon ke kira VR, Canon kuma IS, tana taimakawa wajen rawar hannu, amma ba ta da iko a kan motsin tsuntsu. Zalɓe da ya sandare yana jiran kifi za ka iya ɗaukarsa a 1/250 idan ka jingina gilashin a kan wani abu, kuma a nan ISO 800 zai iya isa. Tsuntsun da ke tafiya yana kiwo a bakin ruwa, yana soka baki yana cirewa, yana buƙatar 1/1000, wanda a daidai wancan hasken zai kai ka ISO 3200. Manyan tsuntsaye masu bugun fiffike a hankali, irin su zalɓe da kwasakwasa, 1/1600 yana tsayar da su a cikin tashi, amma kirinjijiya da ƙananan agwagi suna son 1/2500 ko fiye, kuma ka tuna yawancin kyamarori irin taka ba sa wuce 1/4000.

Mutane da yawa suna tsoron ɗaga ISO saboda tsaki-tsakin da ke fitowa a hoto, kuma ina ganin tsoron ya wuce kima. Abin da ya fi haifar da tsaki-tsakin shi ne ƙarancin hasken da ya isa sensa, don haka hoton da aka ɗauka a ISO 3200 da haske daidai yakan fi tsabta a kan wanda aka ɗauka a ISO 800 da sauri iri ɗaya ya yi duhu, sannan aka zo ana janyo haskensa a kwamfuta, musamman a kyamarorin da suka ɗan kwana biyu. Ban da haka, manhajojin gyaran hoto na yanzu suna rage tsaki-tsaki sosai, amma fiffiken da ya goge saboda rashin sauri ba su da abin yi masa. Idan kuma a cikin kwale-kwale kake, kada ka sauko ƙasa da 1/1000 ko da tsuntsun yana tsaye, domin jirgin da kansa yana lilo, kuma sandar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani a ciki.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Malama, Allah ya ƙara basira. Saura abu biyu. Sau da yawa balbela da dinya suna haɗuwa a wuri ɗaya, ina son su fito tare, to wanne zan bi a cikinsu? Sannan a ranakun da hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faranti a sama, hotunan suna fitowa fayau babu armashi ko da hasken ya yi daidai, shin wannan ma daga saiti ne?

Na Bakin Tafki ya amsa:

Ɗan'uwa, idan fari da baƙi suka haɗu a hoto ɗaya, farin za ka bi, domin duhu ana iya buɗe shi daga baya a RAW ko da zai zo da ɗan tsaki-tsaki, fari kuwa idan ya tafi ya tafi. Ka kafa hasken daidai inda balbelar take dab da ƙonewa, kada ka rage fiye da haka da sunan taka-tsantsan, saboda duk ragin da ka ƙara dinyar ce za ta biya shi. Ka kuma rufe ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 idan hasken ya ba ka dama. A milimita 300 da f/6.3, tsuntsun da ke nisan mita 10 abin da zai fito tangaram a gabansa da bayansa bai kai santimita 30 ba gaba ɗaya, saboda haka idan ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, dole ɗaya ta dushe. Ko a f/8 ƙarin bai taka kara ya karya ba, wajen santimita 36 ne, don haka ya fi sauƙi ka jira su zo layi ɗaya. Wata fa'idar f/8 ita ce yawancin gilasan zuƙowa masu sauƙin farashi sun fi kaifi idan an ɗan rufe su a kan buɗe su gaba ɗaya.

Maganar hazo kuwa, abin mamaki shi ne ranar hazo mai kauri ita ce ta fi dacewa da irin wannan hoto na fari da baƙi tare, domin ƙurar tana watsa hasken rana ta ko'ina, inuwa ta yi laushi, tazarar da ke tsakanin mafi haske da mafi duhu ta ragu har sensa ta iya ɗaukar su duka. Abin da ke sa hotonka ya yi fayau shi ne ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsun, kuma wannan ba saiti ne ke maganinsa ba, nisa ne. Duk mita da ta ƙaru, ƙarin ƙura ce hasken zai keta kafin ya iso gilashinka. Tsuntsun da ke can tsallaken tafki a ranar hazo ka kalle shi da ido kawai, ka ajiye ƙoƙarinka ga wanda ke kusa. Ka zo kafin gari ya waye, ka zauna ƙasa a gefen ciyawa da tufafi marasa haske, ka bar su su matso da kansu, wanda ya fi bin su kana tayar da su, musamman baƙin da suka ƙetaro Sahara suna buƙatar kiwo da hutu. Idan za ka shiga ɓangaren da ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi, wanda Dagona take ciki, ka nemi izini da ɗan rakiya, 'yan rakiyar sun fi kowa sanin inda tsuntsaye ke sauka.

A irin wannan rana ma'aunin haske yana ganin sama da ruwa duk sun zama fari-fari, don haka yana rage haske kullum, kuma idan kana bin hanyar Malama sai ka bar ƙari a wajen mataki ɗaya ko ɗaya da kashi ɗaya bisa uku. Za ka ga jadawalin ya tattaru wuri ɗaya a tsakiya, gefe da gefe babu komai; ka tura shi dama, sannan a kwamfuta ka janyo baƙin ya zama baƙi na gaske, armashin zai dawo. Launin ma yakan karkata zuwa ruwan ƙasa, amma a RAW gyaransa ba shi da wahala.

Inda kake tsayawa yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Da safe ka kasance a gabashin ruwan, rana tana bayanka, inuwarka tana nuna tsuntsun, a nan ne ƙyallin ruwa ke raguwa kuma ɗan haske ke fitowa a idon tsuntsu. Idan wurin ya tilasta maka fuskantar rana, to ka zaɓi ɗaya: ko ka yi ƙari sosai tsuntsun ya fito ruwan ya ƙone, ko ka auna hasken ruwan ka bar tsuntsun ya zama baƙar siffa, wanda ke yin kyau ga masu dogon wuya da dogayen ƙafafu kamar zalɓe. Ƙoƙarin tsayawa tsakiya shi ke ba da hoton da babu ruwa babu tsuntsu. Wasu suna ɗaura matatar ƙyalli a bakin gilashi, kuma gaskiya tana rage ƙyallin ruwa, amma tana cinye haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, abin da gilashi mai f/6.3 ba zai iya ɗauka ba idan ana neman sauri. Marfin inuwa na bakin gilashi ya fi ta amfani a wurinka, kada ka cire shi. Kuma a lokacin hunturu kada ka canza gilashi a fili, domin ƙurar da ta sauka a kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin kowane hoto, kuma ta fi bayyana idan ka rufe zuwa f/11.

Tsohon Mai Hoto ya ƙara da cewa:

Na yarda da Malama a kan sa'ar farko, domin hasken yana gudu a lokacin kuma barin ISO ya sarrafa kansa yana rage wa mutum nauyi. Abin da zan ƙara shi ne, ɗana, ka duba littafin kyamararka tun a gida, saboda a wasu ƙananan kyamarori masu maɓallin juyawa guda ɗaya, idan an koma M maɓallin ƙari da ragi yakan koma sarrafa ƙofar haske, sai an shiga allon saiti kafin a yi ƙari ko ragi, kuma bakin ruwa ba wurin koyon wannan ba ne. Da zarar rana ta ɗaga hasken ya daidaita, wajen ƙarfe 8 da rabi, ka kashe sarrafa kan ISO, ka auna farin tsuntsu kamar yadda na faɗa, ka riƙa sake dubawa duk bayan kwata na sa'a ko duk lokacin da ka juya wani ɓangare. Idan rana ta take kuwa, zafin da ke tashi daga laka da saman ruwa yana sa iska ta riƙa rawa, hoton nesa ya ƙi fitowa da kaifi komai saurin da ka sa, don haka daga wajen ƙarfe 11 gara ka huta sai bayan la'asar, ka koma yammacin ruwan a wannan karon domin ranar ta sake zama a bayanka.